Kazar da ke ɗingishi da ɗari: a duba ƙafar kafin a ce sanyi ne

Da zarar hunturu ya kankama a ƙasar Madarunfa, daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, akwai maganar da ake yawan ji a gidaje da rugage: "Sanyi ya kama mata ƙafa." Kaza ake nufi. An tashi da safe an gan ta tana ɗingishi a bayan ƴan'uwanta, ko an lura yatsanta guda ya yi baƙi ya bushe kamar kara. Sai a ce sanyi ne, maganar ta tsaya nan. In mai gida ya ga dama ya sa mata wuƙa, in ba haka ba a zuba mata ido har shirwa ko muzuru ya raba gardama.

Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina so ƴan ƙungiyoyinmu su daina yarda da shi. Sanyin ƙasarmu yana kashe ƴan tsaki, wannan babu musu. Amma ba ya cin yatsun babbar kaza. In ka ga yatsa ya mutu a Gabi ko Safo ko Ɗan Isa, wani abu ne daban ya kashe shi, kuma sau da yawa abin yana nan manne a ƙafar, ana iya ganinsa da ido a cire shi da hannu. Kalmar "sanyi" ita ce take hana a duƙa a duba.

Ciwon da ake zargi akwai shi a duniya. A ƙasashe irin su Kanada da Rasha, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifiri har ruwan sha ya zama ƙanƙara a cikin akurki, masu kaji sun san shi sarai. Jikin kaza yana da zafi, wajen digiri 41, kuma in sanyi ya tsananta sai jikin ya janye jini daga yatsu da zanko don ya tsare zuciya da hanji. Yatsan da jini ya bari sai ruwan cikinsa ya daskare, naman ya mutu. Da fari ya yi fari, sannan ya kumbura, bayan ƴan kwanaki ya yi baƙi, bayan makonni ya bushe ya faɗi da kansa. Ko a Nijar, a kan duwatsun Ayar da can cikin hamada wajen Bilma, akan samu daren da ruwa ke daskarewa. Amma a nan kudancin Maraɗi, daren Janairu yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 15, wani lokaci ya ɗan sauka ƙasa da haka. Mutum yana rawar ɗari, gaskiya ne, har ya kasa alwala da ruwan randa. Nama dai ba ya daskarewa a wannan sanyi. Kazar da ka gani da sassafe ta ɗage ƙafa ɗaya ta cusa cikin gashi, ɗumama ta take yi, in rana ta fito za ta sauke.

To me ke sa yatsa ya yi baƙi ya faɗi a nan, daidai yadda yake yi a ƙasar ƙanƙara? Abu ɗaya ne a ƙarƙashi: an tare wa yatsan jini. Can sanyi ke tarewa, nan zare ne.

Ku duba tsakar gidajenmu da juji. Zaren buhun leda da ya warware, gashin kanti da mata suka tsefe suka yar, zaren tsohon gidan sauro da aka kewaye lambu da shi, guntun ragar masunta a ƙauyukan bakin tafki. Kaza tana tono, zaren ya naɗe mata yatsa. Tana ƙara tono yana ƙara ɗaurewa. Zaren leda ba ya ruɓewa kamar na auduga, sai ya nutse cikin nama, fata ta kumbura ta rufe shi, har wanda ya duba sama-sama ba zai gan shi ba. Sannan ga ɗaurin da mu da kanmu muke yi. Lokacin ɗari shi ne lokacin lambu a kewayen tafkin Madarunfa, da bakin Gulbin Maraɗi, da filin noman rani na Jiratawa, don haka ake turke kaji kada su yi wa maƙwabci ɓarna a salati da tumatir. An sayo sabuwar kaza, a turke ta kwana uku ko huɗu don ta saba da gida. An kai kaji kasuwa, a haɗe musu ƙafafu da igiyar leda a rataye a babur, kai ƙasa, tun safe har la'asar. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya tare jini. Shi ya sa abin yake yawaita da ɗari, shi ya sa kuma aka ɗora wa sanyi.

Jinyar ba ta da wuya, amma tana son haƙuri da mutum biyu. Ɗaya ya naɗe kazar cikin zane ya bar ƙafar a waje. A jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, kamar minti goma, a wanke da sabulu har dattin ya fita. Sai a nemi layin da naman ya shiga ciki kamar an yi masa zobe. A ɗiga man gyaɗa, a ɗago zaren da bakin allura, a yanke shi da sabuwar reza daga gefen yatsa, ba daga sama ko ƙasa ba, don ta nan jijiyoyin da ke motsa yatsan suka bi. A warware a hankali, sau da yawa zagaye uku ne ko huɗu, kuma in aka bar ɗaya aikin banza aka yi. A wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali biyu a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa Betadine in akwai. In yatsan yana da sauran ɗumi da launinsa, zai dawo.

In kuwa ya riga ya yi baƙi ya sandare, ba zai dawo ba, kuma a nan ne za mu ɗauki darasi daga masu kaji na ƙasashen sanyi, don sun fi mu ganin irin wannan. Ba sa yanke baƙin wurin. Ba sa murza shi, ba sa kara shi a wuta. Jiki da kansa yake shata iyaka tsakanin mataccen nama da mai rai, ya gina sabuwar fata a ƙarƙashi, sannan mataccen ya faɗi. Wanda ya yi gaggawa ya sa wuƙa ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, ga zubar jini. Abin da suke yi shi ne su ware kazar a wuri busasshe mai laushi, su tsabtace ƙafar kullum, su jira. A wurinmu babban kwando ya isa, a shimfiɗa masa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, a riƙa sauyawa in ya jiƙe. Wariyar tana da dalili: kaji suna tsattsagar duk inda suka ga jini ko wani launi daban, kuma gurguwa ba ta iya kokawar tsaba. A ajiye mata ruwa da dusa da gero inda bakinta zai kai, a ƙara mata gara in an samu, da ganyen zogale. Makonni za a yi, ba kwanaki ba. Kazar da ta rasa yatsa ɗaya ko biyu tana tafiya, tana ƙwai, tana kwanci. Sai dai a saukar mata da wurin hawa, a sa mata faffaɗan katako kusa da ƙasa maimakon siririn reshe.

Na biyu bayan zare, wuta. Da ɗari kowane gida yana da wurin jin ɗumi, kuma da safe toka takan yi fari a sama alhali garwashi na raye a ƙasa. Kaza kuwa tana son birgima a toka don ta kori ƙuma. Ta taka, tafin ya ƙone, ya yi bororo, daga baya ya yi baƙi. A nan ma sanyi ne ake cewa, alhali zafi ne ya yi aikin. In an gani da wuri a sa ƙafar cikin ruwa mai sanyi na ɗan lokaci, a shafa zuma, a naɗe da tsumma mai tsabta ba tare da matsewa ba. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne a yayyafa wa tokar ruwa kafin a saki kaji.

Akwai kuma ƙurjin tafin ƙafa. Ƙayar aduwa, ko tsidau, ko guntun kwalba ta huda tafin, ko babban zakara ya saba dira daga kan bishiya bisa ƙasa mai tauri. Ƙwayar cuta ta shiga, tafin ya kumbura ya yi zafi, a tsakiyarsa a ga baƙin ɓawo kamar ƙwayar wake. Makiyayi da ya saba fasa ƙurjin tunkiya ya matse mugunya zai so ya yi haka nan, to ba zai samu komai ba. Mugunyar tsuntsu ba ruwa ba ce, dunƙulalliya ce mai tauri kamar cuku, matsa ba ta fitar da ita. In ƙurjin ƙarami ne, jiƙawa a ruwan gishiri mai ɗumi kullum da naɗewa da shimfiɗa mai laushi sukan wadatar. In ya girma, cire dunƙulen aikin mataimakin likitan dabbobi ne. Duk wanda ya taɓa ƙurjin ya wanke hannu da sabulu, don irin ƙwayar da ke haddasa shi tana sa wa mutum maruru.

Sai ƙazuwar ƙafa, wadda ta fi kama tsofaffin kaji. Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani yake shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafar yana haƙa, ɓawon ya ɗago, ƙafar ta yi kauri ta yi fari-fari kamar an shafa mata busasshen kunu. In aka bar ta ta daɗe ita ma tana iya cinye yatsa. Maganinta mai kauri ne da zai toshe wa ƙwaron numfashi: basilin ko man kaɗanya, a shafa daga yatsu har gwiwa, ana cusawa ƙarƙashin ɓawon, duk bayan kwana biyu ko uku har makonni. Kada a ɓamɓare ɓawon, zai zube da kansa. Kuma don Allah a bar baƙin man inji da kananzir. Na san an ce suna aiki. Suna kashe ƙwaron, suna ƙona fatar, kazar kuma ta tsattsagi ƙafar ta haɗiye, daga nan sai cikin ƙwan da za a dafa wa yaro.

Duk waɗannan ciwon kaza ɗaya ne. Abin da ya sa na dage a kan a duƙa a duba ƙafa shi ne akwai wani ɗingishin da ba na ƙafa ba, kuma shi ma da hunturu yake zuwa.

In ka juya ƙafar ba ka ga zare ba, ba ƙuna, ba ƙurji, amma kazar ta kasa tsayuwa, to ɗaga ido ka dubi sauran jikinta da sauran kajin. Tana kashi kore mai ruwa? Tana buɗe baki tana jan numfashi? Wuyanta ya karkace, fiffike ya saki? Akwai wata a gidan ko a maƙwabta da ta yi haka jiya? Wannan ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, da sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta a shekarun 1920. Kowane ƙauye ya san ta ko da bai san sunan ba, ita ce ke share akurki cikin mako guda. Ba ta da magani. Kafson nan ja da rawaya da ake warewa a ruwan sha ba ya taɓa ta, asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya ce "sanyi ne" ya bar irin wannan kazar tana yawo, ko ya yi sauri ya kai sauran kasuwa kafin su faɗi, ya raba wa ƙauyuka uku abin da ya same shi. Kasuwanninmu kuwa a haɗe suke da na Maraɗi da na Jibiya, kaza ba ta san iyakar ƙasa ba.

Akwai wanda ya fi wannan. Murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da shigowarta Nijar a Magarya cikin Fabrairun 2006, ƴan makonni bayan an gan ta a jihar Kaduna, ɗaya daga cikin alamunta a ƙafa take: jini yana kwanciya ƙarƙashin fatar ƙwauri, wurin ya yi ja ko shuɗi-shuɗi, zanko ya yi duhu, fuska ta kumbura, kaji su riƙa mutuwa farat ɗaya. Ƙafar da ta yi duhu da ɗari, ka ga yadda za a yi saurin cewa sanyi ya ƙona ta. Wannan cuta tana iya kama mutum. Irin wannan kaza ba a yanka ta, ba a fige ta, ba a ba kare mushenta, ba a barin yara su taɓa ta. A binne mushen da zurfi, a wanke hannu, a sanar da ma'aikatar kiwo ranar nan.

Wani abin da ke shanye ƙafar kaza ba tare da rauni ba shi ne kaskar kaji, wadda ke ɓuya da rana cikin tsagar bangon akurki ta fito da dare ta sha jini. A shiga da tocila bayan isha'i a duba bangon da ƙarƙashin fiffike. In ita ce, yaɓe tsagar da sabon laka da ƙona tsohuwar shimfiɗa rabin magani ne. Ƴan tsakin da yatsunsu suka nannaɗe ciki kuma yawanci abincinsu ne ya gaza, ɗanyen ganye da ɗan nono suna taimaka musu, kuma nono ba abin da makiyayi zai nema a wani gida ba ne.

Na san abin da wasu za su ce. Mai shanu arba'in da ke tunanin ciyawa da rijiya da hanyar kiwo, ina shi ina zaman jiƙa ƙafar kaza? Kaza nawa take? Tambayar a wurin mai shanu take da sauƙi, don kazar ba tasa ba ce. Ta uwar gida ce, ko ta yarinyar da kakarta ta ba ta. Ita ce kuɗin magani in yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ce zubin adashen mako, ita ce abin da ake yanka wa baƙo. Ba a sayar da saniya don sabulu. Kazar gida takan yi kwanci sau uku ko huɗu a shekara, ƙwai goma zuwa sha biyar kowane zubi, kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Kuma ba kowace ce ta iya reno ba. Wadda ta san ta tara ƴaƴanta in inuwar shirwa ta gifta, ta fito da takwas cikin goma, ita ce uwar garke, kamar yadda kowane makiyayi yake da saniyar da ba zai sayar ba ko an taya da tsada. Yanka irin wannan kazar saboda zaren da reza za ta cire cikin minti biyar asara ce da ba za mu yarda a yi mana ita a shanu ba.

Ba kuma cewa nake kowace gurguwa a yi jinyarta ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka. In kumburin ya haura gwiwa, in wurin yana wari, in ƙafafu biyu ne suka tafi, ko ta daina ci kwana biyu zuwa uku, to wahala kawai take sha, a yanka tun tana da nama, a yar da ƙafar. Zakaran da dama na Sallah ne ko na suna, ba sai an ɓata masa makonni ba. Sharaɗi biyu ne kawai: ciwon ya kasance na ƙafar ne ita kaɗai, ba na garke ba, kuma in an ba ta maganin kanti a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin a ci naman ko ƙwan.

Abin da ya rage na ƙungiyoyi ne. Jihar Maraɗi ta san tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa da mataimakansa na ƙauye, wanda aka soma gwadawa a Dakoro tun farkon shekarun 2000. Ta san jar akuyarta, ta san habbanaye. Asusun Mata Masu Dubara a nan jihar aka fara shi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da yawa. Amma har yau in mataimaki ya zo ƙauye, maza ne ke tarbarsa a bakin garke, ya yi wa shanu da tumaki da awaki, ya hau babur ya tafi, ba wanda ya ce masa ya leƙa bayan ɗaki. Rigakafin shekara-shekara da muka saba gani ma ga manyan dabbobi ya fi karkata. Rigakafin Niyukasal kuwa akwai shi iri biyu: na allura, mai kariya wajen wata shida, da na ɗigawa a ido irin I-2, wanda masana a Ostareliya suka samar don kajin ƙauye saboda ya fi jure zafi, ana maimaita shi duk wata huɗu. Matsalarsa ɗaya, kwalba guda ta kaji masu yawa ce, kuma in an buɗe ba ta daɗewa, mace mai kaji bakwai ba za ta saya ita kaɗai ba. Wannan aikin ƙungiya ne: a ƙirga kajin unguwa, a tara kuɗin, a sa rana ɗaya, a hana kaji fita da safen. Rigakafin yana ɗaukar wajen mako biyu kafin ya kama jiki, kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu, don haka Oktoba ko farkon Nuwamba ne lokacinsa, bayan an ɗaure gero, kafin iska ta juyo.

A akwatin maganin ƙungiya kuma, kusa da maganin tsutsar ciki na tumaki, a ƙara kwalbar Betadine, da basilin, da bandeji, da fakitin reza. A koya wa mace ɗaya ko biyu a kowace unguwa yadda ake riƙe kaza a juya ƙafarta, da yadda ake bambanta ciwon kaza ɗaya da na garke, a ba su lambar wayar mataimakin. Wanda kuma dole ne ya turke kazarsa saboda lambun maƙwabci, ya yi da faffaɗan tsumma, ya bar sararin da ɗan yatsansa zai shiga, ya riƙa sauya ƙafar kowace safiya.